Abin da na'ura ke gani a hannun likitan tiyata

A 2013 an yi wani bincike a jihar Michigan ta Amurka: likitocin tiyatar rage ƙiba 20 suka miƙa bidiyon aikinsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin mai bidiyon ba. A wajen waɗanda suka zo ƙasa, kashi 14.5 cikin 100 na majinyata sun samu matsala bayan aiki. A wajen na sama, kashi 5.2. Ke nan gwanintar hannu tana aunuwa. Sai dai zaunar da babban likita ya kalli bidiyon awa biyu yana da tsada, shi ya sa aka juya ga ƙirƙirarriyar basira.

A tiyatar da ake yi ta ƙananan huji, komai ta kyamara yake bi, don haka bidiyo a shirye yake. Manhaja takan ɗauki hoto ɗaya a kowace daƙiƙa, ta gane kayan aikin da ke ciki, almakashi ne ko ƙugiyar ƙona nama, ta raba aikin mataki-mataki. Tarin bidiyon Cholec80 na Strasbourg a Faransa, wanda aka fi koyar da manhajoji da shi, aikin cire maɗaciya 80 ne, an kasa shi mataki bakwai. Daga nan sai lissafi: tsawon tafiyar bakin kayan aiki, yawan fizga, lokacin da hannun hagu ya yi zaman banza, sau nawa ƙarfe ya fita daga idon kyamara.

Inda nake da ja shi ne a ce wannan lissafin shi ne gwaninta. Maɗaciyar da ta kumbura ta manne da hanji dole a bi ta a hankali, sai manhaja ta rage wa mai haƙuri maki, ta ɗaga mai gaggawa. Kuma mataimaki ne ke riƙe da kyamara. In hannunsa na rawa, motsin ya shiga lissafin likita. Hayaƙin ƙona nama, tururi a gilashi, ɗigon jini, duk suna rikita manhajar.

Awon da ya fi amfani shi ne na abin da likita ya tabbatar kafin ya yanke. Tun 1995 aka shimfiɗa sharuɗɗa uku: a share kitsen da ke kusurwar tsakanin hanta da bututun maɗaciya, a ɗaga kashi ɗaya cikin uku na ƙasan maɗaciya daga jikin hanta, a ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, bututu da jijiyar jini. Tsallake wannan ne ke sa a datse babban bututun da ke kai ruwan ɗaci zuwa hanji bisa kuskure, raunin da kan kai ga wata babbar tiyata. Manhajar da ke duba daƙiƙun da suka gabaci maƙala kilif, wato ɗan abin da ake matse bututun da jijiyar da shi kafin a yanke su, ta ce an cika sharuɗɗan ko ba a cika ba, ita ce ta cancanci kuɗin asibiti.

Kafin a yarda da ita, a tambaya ko an gwada ta da likitocin da ba ta taɓa gani ba, a wani asibiti, da wata kyamara. Idan bidiyon mutum ɗaya ya shiga koyarwa da gwaji duka, salon hannunsa kawai ta haddace.