Sakan 18 da aka sare kan sarauniya

Daren jiya da wuta ta ɗauke a unguwarmu nan Garwa, muna zaune a ƙofar gida ni da Kawu, sai na nuna masa wani tsohon fim a waya, fim ɗin da ko sauti babu, baƙi da fari, kuma gaba ɗayansa sakan 18 ne. Kamfanin Edison na Amurka ya yi shi a 1895, a kan Mary sarauniyar Sikotlan da aka sare wa kai a Ingila a 1587. Ta durƙusa, hauni ya ɗaga gatari, kai ya faɗi, ya ɗauka ya nuna wa jama'a. Kawu ya yi salati ya ce "Kai yaro, da gaske suka kashe baiwar Allah?" Na ce a'a Kawu, tsayar da kyamara suka yi suka sa mutum-mutumi a wurin sannan suka ci gaba, kuma ma namiji ne ya fito a matsayin sarauniyar.

Wallahi tun lokacin abin bai bar raina ba, don masu mulki na wancan zamanin sun fi kowa gane haɗarin irin wannan hoto. A Rasha lokacin sarki Nikolas na 2 ba a yarda ɗan wasa ya fito a matsayin ɗan gidan Romanov mai mulki ba sai da izini na musamman, finafinan juyin juya halin Faransa da ake kai sarki ga mayanka su ma ba a son talaka ya gani, to ai ka san dalili, wanda ya ga kan sarki ya faɗi a allo gobe zai fara kallon nasa sarkin da wani ido. Sarkin ya sauka a watan Maris na 1917, shekarar ba ta ƙare ba Herbert Brenon ya fitar da fim a Amurka kan faɗuwar gidan. A 1927 kuma wata mata, Esfir Shub, ta tono tsofaffin hotunan fadar, har da waɗanda aka ɗauka don iyalin sarki kawai, ta jera su kusa da na manoma masu fama, ba ta ɗauki ɗan wasa ko ɗaya ba.

Nan ne Kawu ya yi shiru, can ya ce mu fa namu sarakunan? Gaskiya tambayar ta taɓa ni. An kashe Rabe, wanda ya mulki Borno, a Kusiri a 1900, aka sare kansa aka ɗauki hoto, hoton na nan har yau, amma Faransawa ne suka ɗauka don nuna nasararsu. Sultan Njoya na Fumban, mutumin da ya ƙirƙiro rubutunsa na kansa, suka raba shi da iko suka kai shi Yawunde a 1931, ya rasu a can a 1933. Shekara guda bayan nan, 1934, aka kafa dokar Laval da ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka sai da izinin gwamna, sai an duba labarin tukuna. To wa zai je ya nemi izinin nuna yadda suka yi wa Njoya?

Kawu ya ce in sake kunna masa na sarauniyar, ya kalla sau uku, a na ukun ya gano daidai inda aka tsayar da kyamarar.