Bindigar feshi da kwamfiresan da bai kai ba

Ni malamin lakwal ne, aikin katako kuwa na yamma ne da ranakun hutu, a wata rumfar kwano da na kafa bayan gidanmu a unguwar Zariya. Tebur, benci, ƴan kwabobi, wani lokaci gado idan dangi suka matsa. Na daɗe ina shafa fanish da buroshi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba, sai da aka zo auren ɗiyar yayata. Aka jera kwabar da na yi kusa da gadon da aka sayo a kasuwa: nasu sumul kamar madubi, nawa duk sawun gashin buroshi. Ba wanda ya ce komai. Ni dai na gani.

Washegari na shiga babbar kasuwa na sayo bindigar feshi, irin mai kofi a sama, an rubuta HVLP a jikinta. Ina da ƙaramin kwamfiresa mai lita 24 da nake buga ƙusa da shi, ina kuma ba tayar moto iska, sai na ɗauka magana ta ƙare. Na haɗa, na dama fanish da tina, na tunkari ƙofar wata kwaba. Farkon feshin ya fito da kyau har na yi murmushi. Kafin in kai tsakiyar ƙofar iska ta faɗi, feshi ya koma yayyafi mai manyan ɗigo, fuskar katako ta zama kamar ɓawon lemo. Inji ya yi ta ruri ba hutu har ya ɗauki zafi, can sai ga ruwa yana biyo tiyo yana bar mini fararen tabo. Kwana 2 na yi ina gogewa da samfefa.

Na ɗauki bindigar na kai wa wani dattijo mai fentin motoci a gareji, da niyyar ya tabbatar mini jabu aka sayar mini. Ya jujjuya ta, ya tambaye ni girman injina, ya yi dariya.

"Mushe, bindigarka lafiya lau take. Doki ka saya, kana ba shi abincin akuya."

"To, Baba, ai an ce irin wannan ba ta son iska mai ƙarfi."

"Ƙarfi daban, yawa daban," in ji shi.

Nan ne kuskurena yake. Ma'anar HVLP ita ce iska mai yawa da matsi kaɗan: a bakin bindiga matsin ba ya wuce bar 0.7, shi ya sa fenti ke sauka kan katako maimakon ya tashi ya bi iska, kuma mizaninta shi ne kashi 65 cikin 100 ko fiye ya isa jikin aiki. Amma galibinsu suna shan iska lita 300 zuwa 400 a minti. Injina kuwa lita 200 aka rubuta masa, kuma wannan abin da yake zuƙa ne, abin da yake fitarwa bai kai haka ba. Girman tanki ɗan jinkiri kawai yake saya maka. Adadin lita a minti shi ne abin dubawa, a kwalin bindiga da jikin inji, kafin a ciro kuɗi.

Daga nan na zauna na auna abin da ke gabana. Injin da ke tura fenti ba tare da iska ba na masu fentin gini ne, zai shanye galan kafin in gama kujera, na ajiye shi gefe. Ƙaramar bindigar lantarki mai mota a jikinta na aro ta wurin maƙwabci: ta yi mini fentin mai a ƙyauren gida da bencina da kyau, amma ba ta niƙa fanish ya yi laushin da nake nema.

Wanda ya daɗe yana ja mini rai shi ne injin feshi mai tabin, irin na kamfanin Fuji ko Apollo: akwati ɗan ƙarami mai fanka hawa 3 ko 4, ba tanki, ba mai, ba ruwa a tiyo. Da a wani gari nake da shi zan saya. Sai dai iskarsa da ɗumi take fitowa, mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, fanish mai saurin bushewa zai bushe tun bai sauka ba. Ga tsada, ga shi idan allurar bindigar ta lanƙwashe sai ka jira mai zuwa Kano ko Yamai, wataƙila ma a rasa. Kwamfiresa kuwa ko mai facin taya ya san cikinsa.

Na tsaya kan bindigar LVLP, wadda ke wadatuwa da iska kaɗan, na sayar da ƙaramin injin na cika na ɗauki mai lita 50. Baki 2 nake da su: milimita 1.8 na shafin farko mai kauri da ke toshe ƙananan ramukan katako, 1.4 na fanish ɗin ƙarshe. Na sa matatar ruwa da agogon matsi dab da bindiga, kuma kullum na tashi sai na kwance ƙasan tanki ruwa ya tsiyaye. Feshinta bai kai na HVLP faɗi ba, aiki yana ɗan jan lokaci. Ni da ba kwangila nake ba, bai dame ni ba. Tazarar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, hannu a miƙe, kowane layi ya hau rabin na baya.

Sauran darasin garin ne ya koya mini. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: da sassafe nake feshi kafin iska ta taso, in yayyafa wa ƙasa ruwa, in rufe aikin da tsohon gidan sauro har ya sha iska. A watan Agusta laima ce ke sa fanish ya yi fari-fari kamar an shafa toka, sai in jira rana ta take, ko in sa tina mai jinkirin bushewa. Da bazara kuma da yamma kuran yakan yi rauni, inji ya yi ta gurnani ya kasa tashi. Idan ka bar shi haka motar injin za ta ƙone, don haka kashe shi nake in bari sai safe.

Takunkumin yadi ba ya tare tururin tina, na gane haka ne bayan na kwana da ciwon kai, na nemo mai matatar gawayi. Uwargida kuma ta kafa mini doka tun ranar da warin ya shiga tuwo, kuma tana da gaskiya fiye da yadda take zato, don tururin nan wuta yake kamawa: ba feshi sai an sauke tukunya an kashe murhu. Bindigar farko tana nan rataye a ƙusa. Dattijon ya ce in ajiye ta, wai wata rana zan saya wa dokina abinci.