Saƙon Godiya Bayan Rantsar da Yayarmu Kwamishiniyar Harkokin Mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana ƙarshen wannan al'amari lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam. A madadin mahaifiyarmu da dukkan zuri'ar marigayi mahaifinmu nake rubuta wannan saƙo, yanzu da baƙi suka ragu, aka mayar da kujerun haya, domin in sauke nauyin godiyar da ke kanmu bayan rantsar da Yaya Hajiya a matsayin Kwamishiniyar Harkokin Mata ta jiharmu.

Ba zan maimaita abin da ya wakana tun ranar da aka karanta sunanta a zauren majalisar dokoki ba, domin kusan kowa ya ga takardar koken da ta yi ta yawo a WhatsApp, kowa kuma ya ji abin da aka faɗa a kanta a gidajen rediyo. Abin da mutane ba su gani ba shi ne irin fargabar da muka kwana da ita a cikin gida. Duk wanda yake bin siyasar ƙasar nan bai manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Maryam Shetty ta Kano ta isa Majalisar Dattawa domin a tantance ta a matsayin minista, sai labari ya fito cewa an janye sunanta an maye gurbinta da Dakta Mariya Mahmoud Bunkure. A wannan zagayen ne kuma majalisar ta amince da mutum 45 ta jingine uku, cikinsu har da tsohon gwamna Nasir El-Rufa'i. Idan haka ta faru da manya a Abuja, ina ga 'yar malamin gona wadda ba ta da wani ubangida sai Allah? Mahaifiyarmu ba ta karanta jarida, amma ta san labarin nan sarai, har ta kai ga ba ta son jin wayar kowa ta yi ƙara bayan sallar isha'i.

Tushen koken bai wuce suna ba. A zamanin da Yaya ta shiga firamare, al'ada ce a rubuta wa yaro sunan garinsu a bayan nasa, sai da ta je sakandare ta koma amfani da sunan mahaifinmu, saboda haka takardun biyu suka saɓa. Sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shardanta cewa ba a naɗa mutum kwamishina sai ya cancanci tsayawa takarar majalisar dokokin jiha, kuma tun da Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 kan takardar hidimar ƙasa, babu ɗan majalisar da yake wasa da zancen takardu. Ban ga laifinsu ba, aikinsu ke nan. Aka ce mu kawo shaida kafin zaman washegari, alhali ruwan sama ya daɗe da cinye tsofaffin rajistocin makarantar.

A nan ne zan saɓa wa al'adar gidanmu ta rashin ambaton mai alheri a bainar jama'a, ko da yake da laƙabin da duk gari ya san shi da shi zan kira shi, wato Malam Hedimasta. Dare ya yi nisa muka buga masa ƙofa, ya fito yana dogara sanda, ido ya yi rauni, bai ma tambaye mu dalilin zuwa a irin wannan lokaci ba sai da ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da ya ji bayani ya aiki jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai littafin da ya riƙa kwafe sunayen ɗalibansa da hannunsa, takardun sun yi ja, gara ta ci gefe. Yaron yana haska masa da fitilar waya, shi kuma yana bin layi da ɗan yatsa yana karanta sunayen a bayyane, wasu yana yi musu addu'ar rahama yayin da yake wucewa, har ya tsaya a kan nata, ga sunan gari, ga sunan mahaifinmu a gurbin sunan uba. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ture hannuna ya ce, "Ɗana, mayar da kuɗinka. Ni zan je kotu da ƙafata in yi rantsuwar, don kada a ce takarda ce kuka ƙirƙira." Haka kuwa aka yi. Da sassafe muka same shi a ƙofar gida cikin farar riga, littafin a naɗe cikin leda a hammatarsa. Allah ya saka wa Malam da gidan Aljanna, ya ƙara masa lafiya da hasken ido, ya jiƙan iyayensa, ya sa 'ya'yansa da jikokinsa su yi masa fiye da abin da ya yi mana.

Godiya ta musamman ga Mai girma Kwamishinan Al'adu da Yawon Buɗe Ido, wanda a ranar shi ma jiran tantancewa yake yi kamar kowa. Sunan Yaya ne a gaban nasa, mu kuma muna kan hanya daga kotu, sai ya nemi alfarmar a fara da shi, kuma waɗanda suke cikin zauren sun shaida mana cewa bai yi gaggawar amsa ko da tambaya ɗaya ba. Bai san mu ba, ba mu haɗa ƙaramar hukuma ba. Allah ya dafa masa, domin ma'aikatarsa na cikin waɗanda ake rainawa har sai ranar hawan salla ta zo a tuna da su.

Muna gode wa Mai girma Gwamna da ya ga cancantarta bai kuma saurari masu zuga ba, da Shugaban Majalisa da mambobinsa, da Mai Martaba Sarki da hakiminmu. Muna gode wa limamin masallacin unguwarmu da almajiransa da suka yi ta saukar Alƙur'ani ba tare da an roƙe su ba, da matan cibiyar koyon sana'a waɗanda suka yi karo-karo suka ɗauki hayar mota suka cika harabar majalisa, da direban Yaya wanda ya kwana a mota bai ce uffan ba, da Gwaggo wadda ta riƙe madafi har ƙafafunta suka kumbura. Allah ya biya kowa da mafificin alheri, ya raya zuri'a, ya rufa asiri duniya da lahira.

Akwai 'yan uwa na jini da muka yi ta duba hanya ko za mu gan su a kwanakin da ake jifan sunan gidanmu, ba mu gan su ba, ko gaisuwa ta waya ba mu samu ba, sai ranar rantsarwa muka hango su a sahun gaba cikin manyan riguna. Mahaifiyarmu ta hana a yi maganar, ni ma daga nan ba zan ƙara ba. Mun gode da zuwan.

Masu taya murna kuma ina roƙon su haɗa da addu'a, domin kujera ce da ba ta da tabbas. A watan Oktoban 2024 an sauke ministar harkokin mata Uju Kennedy-Ohanenye da ministar yawon buɗe ido Lola Ade-John a rana guda, aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe idon da ta al'adu ƙarƙashin Hannatu Musawa, aka ɗago Imaan Sulaiman-Ibrahim daga ƙaramar ministar harkokin 'yan sanda zuwa ma'aikatar mata. Abin da ke jiran Yaya a ofis kuwa ba biki ba ne: gidan marayu, matan da ke fama da yoyon fitsari, zawarawan da aka kora da 'ya'ya babu ko kwanon hatsi, da shari'o'in fyaɗe da ake kashewa a zaure kafin su kai gaban alƙali. Allah ya ba ta ikon riƙe amana, ya tsare ta daga dukiyar marayu, ya haɗa ta da mashawarta na gari, ya sa ta sauka lafiya kamar yadda ta hau lafiya.

Waɗanda suka kira ba a ɗauka ba su yi mana afuwa, gajiya ce ba wulakanci ba. Masu kawo takardun neman aiki gida kuma, don Allah a kai su ofis, domin likita ya umarci mahaifiyarmu ta huta, kuma ba za ta riƙa ganin baƙi ba sai bayan la'asar.

Ƙaninta, a madadin iyali.