Rayuwar Uwa Cabrini, Kashi Na Huɗu: Daren Farko A Niyok

A makon jiya mun tsaya inda Paparoma Leo na 13 ya sauya wa Uwa Francesca Cabrini, sistar cocin Katolika 'yar Italiya, alƙibla. Tun tana yarinya ƙasar Sin take ƙulafucin zuwa aikin bishara, shi kuwa ya ce yamma za ta nufa, wajen 'yan uwanta Italiyawa da talauci ya kora Amurka ci-rani.

Ran 23 ga Maris 1889 ta shiga jirgin ruwa a tashar Le Havre ta Faransa, ita da sistoci shida. Ku tuna fa, wannan ita ce Francesca da aka haifa bakwaini, wadda ta taɓa faɗawa kogi aka tsamo ta da kyar, tun daga ranar ruwa ya zame mata dodo. Ga ta yau da shekara 38, ta yi kwana takwas bisa teku.

Suka sauka Niyok ran 31 ga wata. Gidan da suke zaton an tanadar musu, babu shi babu dalilinsa. Dare ya yi, aka kai su wani gidan kwana a unguwar talakawa. Da suka ɗaga mayafin gado sai ga dauɗa da kuɗin cizo, ɓeraye kuma na kai-kawo a ƙasa. Ba wadda ta iya kwanciya. Haka suka kwana zaune, ana gyangyaɗi ana addu'a har gari ya waye.

Da safe suka tafi wurin Akbishop Michael Corrigan, shugaban cocin Katolika na Niyok. Ya shaida musu shirin gidan marayun da suka zo buɗewa ya wargaje, jirgin da ya kawo su kuma bai tashi ba tukuna, gara su bi shi su koma gida.

Duk tarihinta babu inda yake taɓa min zuciya kamar nan. Mace 'yar firit, mai yawan laulayi, ba kuɗi, ba Turancin kirki, ga gajiyar teku ga rashin barci. Cikin ladabi ta ce Paparoma ne ya aiko ta, don haka tana nan daram, ta kuma nuna takardunta daga Roma. Akbishop ya sauko, ya samar musu masauki wurin wasu sistoci.

Sai aiki. Suka fara koyar da yaran baƙi a cocin Saint Joachim, yaran da iyayensu ke wuni a masana'anta ko wajen haƙar rami, suna kwana cunkushe a ɗakunan da rana ba ta shiga. Abin da za a ci kuwa, ƙofa-ƙofa suke bi da kwando. Mai shago ya ba da burodi, mai kayan miya ya zuba ɗan ganye, wani ya rufe ƙofa a fuskarsu. Cikin 'yan makonni suka buɗe gidan marayun da aka ce ba zai yiwu ba.

Mako mai zuwa za mu ji yadda a 1890 ta sayi wani fili a West Park, bakin kogin Hudson, wanda masu shi suka rabu da shi saboda rijiyarsa ta ƙafe.