Baƙin man da na tsayar wa tsohuwar motata a Kumasi

A Kumasi, duk wanda ya ji motarka ta kwana biyu, magana ɗaya zai faɗa maka a kan baƙin mai: "Zuba mata 20W-50, ƙasar nan da zafi." Direbobin tasi na Aboabo haka suke cewa, masu sayar da mai a bakin hanyar Suame ma haka. Tawa Corolla ce ƙirar 2006 mai inji lita 1.8, daga Amurka aka shigo da ita ta tashar Tema, kuma a kan murfin da ake zuba mai an rubuta 5W-30 ƙarara. Da na lura man yana raguwa kafin lokacin juye ya yi, sai na rasa wa zan bi, rubutun murfin ko mutanen da suka tsufa a kan sitiyari.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wanda tun zamanin mahaifina yake gyara wa 'yan Zango motoci. Na ce, "Masta, wane mai zan koma?" Ya ce, "Malam, bari mu ga inda man yake tafiya tukuna. Wanda ke zuba a ƙasa da wanda ke ƙonewa ba maganinsu ɗaya ba." Ya sa yaransa suka wanke injin tas, ya ce in yi ta harkokina in dawo. Da na dawo sai ga mai ya jiƙe gefen murfin saman injin: gasket ɗin roba ya bushe saboda tsufa. Aka sa sabo, aka canza ɗan bawul ɗin PCV da ke fitar da tururin cikin inji, don idan ya lalace shi ma yana jawo yoyo da shan mai. Yawancin ɓacewar man a nan ta tsaya, tun ba a taɓa maganar kauri ba.

Daga nan na zauna na fahimci lambobin da ke jikin galan. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu cikin tsananin sanyi. Ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Ko a tsakiyar hunturu asubar Kumasi ba ta kusantar wannan, don haka ba ita ce babbar damuwarmu ba, kodayake mai ƙaramar lamba ya fi saurin kaiwa saman inji idan aka tada mota da safe. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a digiri 100, wato zafin da inji ke aiki a kusa da shi. Abin da ya buɗe mini ido ke nan. Motar da lagiretonta da fankarta da tamostat ɗinta suke lafiya, ita ke riƙe zafinta da kanta, ko a Kumasi take ko a Landan. Zafin ranarmu yana ƙara wa mai wahala, musamman a cunkoson Kejetia ko na Anloga Junction, amma bai kai a ce dole a tsallaka daga 30 zuwa 50 ba.

Akwai kuma abin da tsofaffin tasi ba su da shi. Injina yana da VVT-i, tsarin da ke amfani da ƙarfin turin mai wajen daidaita lokacin buɗewar bawul, ta ƙananan hanyoyi da 'yar matata siririya. Mai kauri da yawa yana jinkiri a irin waɗannan hanyoyi, ya kuma ƙara shan fetur. Ba na raina 20W-50. Injin da ring ɗinsa ya gama cinyewa, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, fitilar mai na ƙiftawa idan mota na tsaye, zai iya samun sauƙi da shi kafin mai shi ya tara kuɗin gyara. Direbobin da suka ba ni shawara a kan irin waɗannan injuna suka koyi aiki, kuma gaskiyarsu suka faɗa. Nawa dai bai kai can ba.

Sai na shiga awo. Kowace Juma'a da safe, kafin in tada mota, a wuri ɗaya mai daidai, ina zaro sandar awo, in goge, in mayar, in sake zarowa, in rubuta inda man ya tsaya da abin da mita ta nuna. Da 5W-30 man yana ɗan sauka har yanzu, a hankali. A juye na gaba muka hau mataki ɗaya, 10W-40. Saukar ta ragu sosai, ƙarar safe ba ta ƙaru ba, ban ga wani canji a fetur da zai dame ni ba. A nan na tsaya, kuma da awon ya nuna ba ta shan komai, da ban bar abin da aka rubuta a murfin ba.

Haruffan API, wato alamar matakin ingancin mai da ake rubutawa a jikin galan, ma na koyi dubawa. S na injin fetur ne, C na dizal. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma sabon yana maye gurbin tsohon a injin fetur. Man da ake zuba wa trotro, wato ƙananan bas-bas na haya masu injin dizal, in ba a ga S a jikinsa tare da C ba, ba na kusantar da shi motata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro a zuba a tsohuwar gora. Ba lamba, ba hatimi, ba wanda zai iya ce maka ga abin da ke ciki. Na san halin da aljihu yake ciki, sidi ba ya zama a hannu, amma sauke inji ya fi galan tsada nesa ba kusa ba. A gidan mai nake saye, GOIL ko Shell ko TotalEnergies, in duba hatimin murfi, in tsaya a fasa shi a gabana, a canza filta duk juye. Kusan lita huɗu motar ke ɗauka, kuma ba na bari a wuce alamar sama.

Sai maganar mita, wadda masu motocin Amurka da yawa ba sa lura da ita. Mitarmu mil take ƙirgawa. Idan yaron gareji ya ƙara 5,000 a kan abin da ya gani ya rubuta maka a takarda, ya tura ka kilomita 8,000 ke nan. Ga mai gajerun tafiye-tafiye irina, daga Aboabo zuwa Adum cikin cunkoso da ƙurar hunturu, wannan ya yi nisa. Kilomita 5,000 kusan mil 3,100 ne, shi ya sa yanzu ni da kaina nake rubuta lambar juye na gaba, a mil, kafin in bar garejin.