Safayar da ban taɓa duba iskarta ba

Ranar Jumma'a zan miƙa makullin ɗakin saba, kuma tun da na fara tattara komatsaina ba abin da ke dawo mini sai daren ƙaurar nan. Waɗanda muka kwana a ɗakin sanyi tare sun san daren da nake nufi.

VM ɗin (kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin saba) da ke riƙe da rumbun bayanan biyan kuɗi muka ba wa VF ta SR-IOV, wato yanki na katin sadarwa na zahiri da ake damƙa masa kai tsaye saboda gudu. Kowa ya san abin da hakan ke ci: a lokacin, VM mai riƙe da kayan ƙarfe ba ya iya ƙaura zuwa wata saba yana aiki. Ni na kawo shawarar a haɗa masa virtio, wato katin sadarwa na manhaja, a matsayin safaya. Linux ta samu tsarin yin haka, net_failover, tun 4.18 a 2018, QEMU mai gudanar da VM ta biyo baya a 4.2, libvirt mai sarrafa ta kuma ta kawo nata, teaming, a 6.1.0. Katunan biyu adireshin MAC (lambar shaidar kati) ɗaya suke ɗauka, a cikin VM sai ka ga uku: babba mai riƙe da IP, VF mai ɗaukar kaya, da virtio yana zaman ko-ta-kwana. In ƙaura ta tashi, QEMU ta zare VF, kaya su koma kan virtio, a sabon masauki a maƙala wata VF.

Na haɗa, ya tashi, gudu ya yi kyau. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in zare VF da gangan in ga ko safayar za ta ɗauki mota. Sau biyu na nemi awa ɗaya cikin dare don gwaji, sau biyu Oga ya ce, "Abu yana aiki, me za ka taɓa?" Da baki na tambaya, da baki ya hana. Gaskiya ni ma hanin ya yi mini daɗi, don na gaji.

Sai ga daren da uwar sabar ta fara kukan ƙwaƙwalwa, dole a kwashe komai daga kanta. Na tada ƙaura, VF ta fita lafiya, VM ya ɓace daga duniya. Yana raye, ina ganinsa, amma ko sallama ba ya amsawa. Komawa ba dama, sabar na gargara. Ci gaba kuma tafiyar hawainiya ce, don ni da hannuna na taƙaita gudun ƙaurar kada ta dami masu hulɗa. Na ɓata lokaci ina zargin MAC, kafin tcpdump, manhajar leƙen abin da ke wucewa a layi, ya nuna mini kunyata. VLAN ɗin, wato tambarin da ke nuna sashen layin da saƙo zai bi, a kan VF na sa shi, katin ne ke liƙa tambarin da kansa. Gadar da na ɗaura virtio a kai ba ta san da wani tambari ba. Umarni ɗaya ya gyara abin da ya tsayar da biyan kuɗi fiye da minti 20.

Kuskurena ne, ban musa ba. Amma da safe saƙon Oga zuwa sama ya ce "tsarin da ba a gwada ba", da sunana a ƙasa, ba ko kalma ɗaya a kan wanda ya hana gwajin. Tun daga ranar, ko biro zan nema sai na rubuta imel.

Sauran darussan ƙanana ne. A sa IP a kan babban kati kawai, kuma a kula da duk kayan saiti da ke gane kati ta MAC, don uku masu adireshi ɗaya na rikita su. In ƙaura ta maƙale a wait-unplug, VM ne ya ƙi sakin VF. In direban virtio na cikinsa tsoho ne bai san wannan tsari ba, QEMU ba za ta ma nuna masa VF ɗin ba, kana ta neman gudun da babu.

Na bar wa ƙanin da zai gaje ni ɗan shirin da ke zare VF kowane wata, ya auna safaya, ya mayar. An yi ƙaura da yawa tun daga nan ba wanda ya tashi daga barci. A taron makon jiya na ji Oga yana kiransa "tsarinmu na gwaji".