Kafin a Kafa Hukumar Kare Muhalli a Jiha, Wa Zai Auna Ruwan?

Duk lokacin da na ji labarin cewa wata jiha za ta kafa hukumar kare muhalli, ko kuma za ta sake wa wadda take da ita fasali, abin da nake kasa kunne in ji shi ne ko an ambaci ɗakin gwaje-gwaje. Galibi ba a ambatarsa. Abin da ke fitowa a sanarwa shi ne yawan motocin kwashe shara da za a saya, da ofishin da za a gyara, da sunan wanda aka naɗa shugaba. Waɗannan duka suna da muhimmanci, amma ni a ganina hukumar da ba ta iya ɗebo ruwan rijiya ta auna ta faɗi abin da ke cikinsa ba ta cika sunanta ba.

Dalilin da ya sa wannan batu ya tsaya mini a rai wani abu ne da ya faru a wata unguwa da na taɓa zama. Ruwan rijiyoyin layinmu ya fara sauya launi yana wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma kowa yana zargin wata 'yar masana'anta da ke bayanmu, wadda take sako ruwanta cikin lambatu da daddare. Dattawan unguwa suka wakilta ni da wani maƙwabcina, muka cika gora biyu da ruwan muka kai wani ofishi. Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya ɗaga gorar ya duba ta a hasken taga, sannan ya ce: "Malam, ni ma na ga ruwan nan ba lafiya, amma ganina ba hujja ba ce a gaban alƙali. Na'urar tana ciki, sinadarin gwajin ne ya ƙare tun bara." Muka dawo da gorunanmu yadda muka kai su. Tun daga ranar na fahimci cewa dokar muhalli tana tafiya ne a kan awo, domin mai masana'anta zai ce ruwansa tsaf yake, mazauna unguwa su ce guba ne, kuma babu mai raba gardamar sai sakamakon gwaji.

Asalin waɗannan hukumomi a Najeriya ma daga irin wannan rashin shiri ya samo tushe. A shekarar 1988 aka gano cewa an shigo da sharar masana'antu mai guba daga Italiya, kusan tan 4,000, an jibge ta cikin durom-durom a garin Koko da ke tsohuwar Jihar Bendel, wato Jihar Delta a yau. A lokacin ƙasar ba ta da wata hukuma guda da aka ɗora wa alhakin irin wannan lamari. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 42 da ta haramta shigo da shara mai cutarwa, sannan ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA, da doka mai lamba 58 a ƙarshen wannan shekarar. Ita wannan doka ce ta buƙaci a ƙarfafa wa jihohi da ƙananan hukumomi gwiwa su kafa nasu hukumomin, kuma daga nan aka samu irin su KASEPPA a Kano, da KEPA a Kaduna, da LASEPA a Legas. A 1992 aka ƙara da doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 1999 aka narkar da FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sai a 2007 aka kafa wata sabuwar hukumar tarayya, NESREA, domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

To, tunda akwai hukumar tarayya, mene ne amfanin ta jiha? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, mutane suna kawo duwatsun zinare cikin gida suna niƙa su da injin niƙan hatsi, wasu suna dakawa a turmi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Duwatsun cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF ne suka fara lura da cewa mace-macen sun wuce na zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Aikin kankare gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai kankama ba sai a 2013, saboda jiran kuɗi. Bayan shekara biyu irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Haƙar ma'adinai dai hurumin gwamnatin tarayya ne a tsarin mulki, amma ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya da lafiyar yaro al'amura ne da suke gaban jiha, kuma akwai ƙaramar na'ura ta hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take. Jami'i guda mai babur da irin wannan na'ura, wanda yake da alaƙa da dagatai da masu unguwanni, zai iya jin ƙishin-ƙishin kafin a fara jera ƙananan kaburbura.

Saboda haka abu na farko da nake ganin ya kamata dokar kafa hukumar ta warware shi ne raba aikin sa ido da aikin kwashe shara. Tsarin mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jihohi da dama kuma sun kafa hukumomi na musamman dominsa, kamar REMASAB a Kano da LAWMA a Legas. Idan aka haɗa ayyukan biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, shara ce take cinye komai, domin ita ido yake gani, ita gwamna yake tararwa a hanyarsa, ita ake kuka da ita a rediyo, ita kuma take cin man fetur da tayoyi da albashin leburori. Kuɗin sinadarin gwaji shi ake fara yankewa. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi: hukumar da take da jujin zubar da shara ita ce ya kamata a bincika idan ruwan jujin ya tsiyaya cikin rijiyoyin maƙwabta, kuma ba za a sa ran ta ci kanta tara ba.

Batun kuɗi shi ne na biyu, kuma a nan ne nake da saɓani da masu cewa a bar hukumar ta riƙe kanta da kuɗin lasisi da tara. Da zarar albashi da man mota sun dogara ga abin da masana'antu suke biya, jami'i zai fara kallon mai gurɓata ruwa a matsayin abokin ciniki, tara kuma ta koma wani harajin da ake biya duk shekara a ci gaba da zubar da guba. Ya fi dacewa tara ta tafi baitulmalin jiha, hukumar kuma a ware mata kasonta a kasafin kuɗi, a kuma rubuta a doka cewa wani ɓangare na ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai.

Wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya san nauyin da ke kan irin wannan hukuma. Kamfanonin jimar fata suna aiki da sinadarin kuromiyam, kuma shekaru da dama ruwan da suke fitarwa yana gangarawa rafin Getsi da Jakara da kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye 'yan lambu suke noman latas da kabeji da alayyafo da karas, waɗanda washegari suke kan faifai a kasuwa. Na taɓa tsayawa ina kallon wani manomi yana jan ruwa da inji daga rafi, ruwan baƙi ƙirin yana kumfa a bakin tiyo, shi kuwa yana tsaye cikinsa ba takalmi. Ban ga laifinsa ba, shi ne ruwan da ya samu a rani. Aikin hukuma a nan shi ne ta riƙa ɗibar ruwa a bakin bututun kowane kamfani a lokacin da ba a sa ranta, har da dare, ta kuma wallafa sakamakon da sunan kowane kamfani domin jama'a su gani. Wannan yana buƙatar doka ta ba jami'i ikon shiga ba tare da neman izinin mai wuri ba, da ikon rufe bututu, da lauyoyin hukumar na kanta waɗanda za su bi shari'a har ƙarshe, domin kotun tafi-da-gidanka ta ranar tsaftar ƙarshen wata an yi ta ne don mai shagon da ya buɗe kafin ƙarfe goma.

Game da ma'aikata, ba daga sama za a fara ba. Muna da tsohon tsarin duba-gari, wanda iyayenmu suke ba da labarin yadda yake leƙa randa da masai, kuma makarantun koyon tsafta da kwalejojin kiwon lafiya suna ci gaba da yaye jami'an lafiyar muhalli, jami'o'i kuma suna yaye masana kimiyyar sinadarai da na ƙasa da suke zaune ba aiki. A ɗauke su ta hanyar jarrabawa, a rarraba su shiyya-shiyya maimakon tara su a hedikwata. Shugaban hukumar ya zama masani mai wa'adi sananne wanda ba za a tuɓe shi don ya rufe kamfanin wani babba ba. A kwamitin gudanarwa kuma a sa wakilin masarautu da na manoman rani da na ƙungiyoyin mata, waɗanda su ne suke fara ganin sauyin ruwa da rashin lafiyar yara, a kuma tanadi rajista a kowane ofishi inda za a rubuta koken wanda ya zo da gorar ruwa, a ba shi lamba da ranar da zai dawo ya karɓi sakamako.